Daga Gafaka Zuwa Kwamfutar Cinya: Tarihin Sana'ar Rubutu a Keffi

Garin Keffi yana da nisan kimanin kilomita 50 gabas da Abuja, a kan hanyar da ta haɗa babban birnin tarayya da Akwanga, inda take rabuwa zuwa Jos da Lafiya, kuma yawancin sana'o'in da suka bunƙasa a cikinsa suna da nasaba da zamansa zango a bakin hanya. Sana'ar rubutu, wato yi wa jama'a rubutu da sayar musu da kayan yinsa, tana cikin waɗanda suka fi sauya kama a garin, domin a cikin shekara ɗari biyu ta tashi daga alƙalamin kara, ta bi ta kan tafireta da kwamfutar tebur, har ta iso ga ƙaramar kwamfutar cinya da ɗalibai da masu zane suke ratayawa a kafaɗa. A wannan zango na ƙarshe ne kayan aikin ya bar hannun gwani ya koma hannun mai buƙata, sai tambayar da ake yi a da, wato wurin wa za a kai rubutu, ta koma wace na'ura za a saya. Amsar da mutanen Keffi suka bayar ta samo asali ne daga halin wutar lantarki da ƙurar hunturu da darajar naira, tallan kamfanonin da suke ƙera na'urorin kuwa bai taka rawa mai yawa ba.

Abdu Zanga, Bafulatanin da ya fito daga ƙasar Katsina, shi ya kafa masarautar Keffi a farkon ƙarni na 19, a zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma ana danganta sunan garin da kalmar kafi, wato shingen itatuwa da ake kewaye gari da shi saboda tsaro. Keffi ta zauna a ƙarƙashin Zazzau kamar takwarorinta Nasarawa da Jama'a, saboda haka wasiƙu ba su daina kai da komo tsakanin fadarta da Zariya ba, kuma da Larabci ake rubuta wasiƙun sarauta a duk faɗin daular Sakkwato, ajami kuwa, wato rubuta Hausa ko Fulatanci da baƙaƙen Larabci, ya fi yawa a waƙoƙin wa'azi da saƙonnin 'yan kasuwa. Kayan aikin magatakarda na wancan zamani ba su da yawa: alƙalamin da aka feƙe daga kara, da tawadar da aka dama da ƙaro don ta kama, da takardar da fatake suke ƙetaro Sahara da ita daga Turai ta Tarabulus, wadda aka fi sani da alamar jinjirin wata uku da ake gani idan aka ɗaga ta a haske. Tsadar takarda ce ta sa almajiri yake koyo a allo ya wanke ya sake rubutawa, malami kuma yake adana littattafansa, waɗanda warƙoƙi ne marasa ɗinki, a cikin gafaka, wato jakar fata mai maratayi. Malamin da yake yawon neman ilimi ba ya ɗaukar abin da ya fi ƙarfin kafaɗarsa, don haka auna kayan karatu da nauyinsu da jurewarsu ga tafiya tsohuwar al'ada ce a wannan ƙasa.

Zuwan Turawa ya shigar da sunan Keffi cikin tarihin Arewa ta hanyar da ba a zata ba, domin a watan Oktoba na 1902 Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya kashe Razdan Kyaftin Moloney, ya tafi Kano inda Sarki Alu ya karɓe shi, kuma wannan karɓa tana cikin hujjojin da Gwamna Lugga ya kafa wajen kai wa Kano yaƙi a 1903. Masu tarihi sukan ɗora wani kaso na laifin a kan tafintan Razdan, Audu Timtim, wanda ake zargi da jirkita magana tsakanin ɓangarorin biyu, abin da yake nuna irin ƙarfin da mai tsayawa tsakanin mutum da maganarsa yake da shi a lokacin. Mulkin da ya biyo baya ya ƙara wa irin wannan mutum daraja, domin haraji da shari'a da ƙidaya duk sun koma takarda, sai aka samu akawu da malamin haraji da magatakardan kotu waɗanda suka iya boko, kuma tafireta, wadda wasu suke kira keken rubutu, ta zama alamar ofis. Garin ya zauna a Lardin Nasarawa, daga 1926 ya koma Lardin Binuwai, ya shiga jihar Binuwai-Filato a 1967, sannan Filato a 1976, kuma Kwalejin Gwamnati ta Keffi, wadda tarihinta ya faro a 1949, ta zama babbar cibiyar boko a garin, inda marigayi shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu daga 1965 zuwa 1969.

Tafireta ta zo wa Hausa da wata naƙasa da har yanzu ba ta gama warkewa ba. A shekarun 1930 ne aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, a ƙa'idar rubutun boko, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta yaɗa su, amma na'urorin Imperial da Olympia da Olivetti da suka cika ofisoshi an ƙera su ne domin harsunan Turai. Mai buga rubutu sai dai ya buga k ya bi ta da biro ya yi mata ƙugiya, ko ya bar ta haka, mai karatu ya bambance kafa da ƙafa daga ma'anar jimla. Talaka kuwa, wanda ba shi da ofis, yakan nufi masu tafireta da suke zama kusa da kotu ko gidan waya, ya faɗi buƙatarsa da Hausa su mayar da ita Turanci, su sa takardar kabon a tsakani don a samu kwafi biyu ko uku, kuma kuskuren harafi ɗaya a takardar rantsuwa yakan sa a sake shafin daga farko. Makarantu suna buga jarrabawa a kan sitensil, wata takarda mai kakin da haruffa suke hudawa, a ɗaura ta a injin Gestetner a yi ta juyawa da hannu.

Shekaru goma sha ɗaya ne suka juya al'amarin gaba ɗaya. A ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, ma'aikatan da hayar birni ta fi ƙarfinsu suka bazu a Nyanya da Mararaba da Masaka har zuwa Keffi; a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiri jihar Nasarawa daga Filato; a watan Agusta na 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya; sannan gwamnatin Abdullahi Adamu, wanda ɗan garin ne, ta kafa Jami'ar Jihar Nasarawa a harabar tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Keffi, ta fara aiki a 2002 a ƙarƙashin Farfesa Adamu Baikie. Jami'a kuwa masana'antar takarda ce, domin kowane ɗalibi sai ya buga aikin gida, ya yi fotokwafin littafin da ba ya iya saya, kuma a shekarar ƙarshe ya rubuta furojet, wato kundin binciken kammala digiri, wanda malami zai iya mayar masa sau huɗu ko biyar kafin ya sa hannu. Daga nan shagunan da ake kira bizines santa suka cika bakin ƙofar jami'a da unguwannin ɗalibai irin su Unguwar Lambu.

Fasalin irin wannan shago a tsakiyar shekarun 2000 kusan ɗaya ne ko'ina: kwamfutar tebur biyu ko uku masu ƙaton gilashi kamar talabijin, firinta ɗaya, injin fotokwafi na gwanjo, na'urar daidaita wuta a ƙarƙashin tebur, da ƙaramin janareta yana kuka a bakin ƙofa. Ɗalibi yakan kawo rubutun hannunsa, yarinya ko yaron shago ya buga a kan kuɗin shafi, a adana masa a fulofi, wani faifai da bai kai ya ɗauki hoto mai kyau guda ɗaya na wayar yau ba, daga baya kuma a filash. Illar tsarin ta fi bayyana a lokacin furojet, sa'ad da layi yake tsawo, mai bugawa bai san kalmomin fannin ba ya cika shafi da kurakurai, filashin da ya zaga kwamfutoci goma ya kwaso bairos ya cinye babi guda, ko a ɗauke wuta kafin a adana aikin sa'a biyu. Duk wanda ya sha wannan wahala sau ɗaya ya san amfanin na'urar da take da batir a jikinta, wadda kuma take kwana a ɗakinsa.

A can ƙasashen da ake ƙera ta, kwamfutar ɗauka ta daɗe tana ramewa. Osborne 1 ta 1981 ta kai kilo 11, Toshiba T1100 ta 1985 ta sauko zuwa kimanin kilo 4, kamfanin IBM ya fito da ThinkPad a 1992 kafin ya sayar wa Lenovo na ƙasar Sin da sashen a 2005, sannan MacBook Air ta 2008 ta sa sauran kamfanoni gasar siranta. A 2007 Asus ya fitar da Eee PC mai fuskar inci 7, wadda ta buɗe kasuwar ƙananan na'urori masu araha da aka sani a Nijeriya da sunan mini, kuma ɗalibai da yawa da su suka fara, sai dai rauninsu ya sa da zarar an buɗe manhaja biyu suke tsayawa cik, kasuwarsu ta mutu cikin 'yan shekaru. An kuma yi yunƙurin samar da na'ura ta wasu hanyoyi: kamfanin Zinox ya fara harhaɗa kwamfuta a gida a 2001, kuma a 2007 aka gwada shirin bai wa kowane yaro kwamfutar dala ɗari a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Babu ɗayansu da ya cika jakunkunan ɗaliban Keffi kamar yadda gwanjo ya yi.

Hanyar gwanjon a fili take. Manyan kamfanoni da ma'aikatu a Amurka da Turai sukan sauya kwamfutocin ma'aikatansu bayan shekara uku ko huɗu, dillalai su saye su da yawa, su iso tashoshin ruwa da filin jirgin saman Legas, su bazu daga kasuwar Computer Village ta Ikeja zuwa Banex da ke Wuse a Abuja da titin Beirut a Kano, daga nan ƙananan 'yan kasuwa su sari biyar ko goma su kawo Keffi, ko kuma mai saye ya hau mota da safe ya je Abuja ya dawo da yamma. 'Yan kasuwa suna kiran wannan kaya Landan yus ko da daga Amurka ya fito, don su bambanta shi da na hannu, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi a nan gida, wanda farashinsa yake ƙasa. Abin lura shi ne cewa na'urorin da ake kawowa ta wannan hanya, irin su Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad, an ƙera su ne tun asali domin ma'aikaci mai yawan tafiya, suna da jiki mai ƙwari da marfin da ake kwancewa da sukudireba, kuma da yake iri ɗaya ake kawowa dubbai, batirinsu da fuskarsu da cajarsu ba sa wuyar samu. Sabuwar na'ura mai jikin roba da ake sayarwa a kan kuɗi ɗaya takan fi ƙyalli, amma maƙallin marfinta yakan riga na tsohuwar karyewa, kuma masu gyara sun daɗe da sanin haka.

Buƙata ta ƙaru a lokacin da hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013 ta kuma mayar da ita tilas a 2015, domin iyaye sun fahimci cewa yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai iya faɗuwa ko da ya san amsa, sannan rufe makarantu saboda annobar korona a 2020 ya tura tarurruka da wasu darussa intanet.

Daga wannan tarihi ne ma'anar matsakaiciyar kwamfuta ta fito a Keffi, kuma ta bambanta da ma'anarta a Landan, inda ake nufin sabuwar na'ura mai tsaka-tsakin farashi. A nan ana nufin tsohuwar na'urar ofis mai fuskar inci 13 ko 14, wadda nauyinta yake kusa da kilo ɗaya da rabi, ta shiga jakar goyo ta jure achaba da cunkoson motar Mararaba, domin mai inci 15 da ɗoriya ta cika nauyi ga mai yawo, mai inci 11 kuma ta yi ƙanƙanta ga mai zane. Abu uku ake tambaya a cikinta. Na farko masarrafa, wato injin da yake yin lissafin komai, kuma a nan ne aka fi cutar baƙon kasuwa, saboda tambarin i7 da ke manne a jiki ba ya nufin ƙarfi sai an san zubin, abin da 'yan kasuwa suke kira jenareshan: masarrafar i5 ta zubi na 8, wadda Intel ya fitar a 2017, tana da injunan lissafi huɗu a ƙananan kwamfutoci, alhali i7 ta zubi na 7 mai irin wannan aji biyu gare ta. Na biyu ram, wato filin da na'ura take shimfiɗa aikin da take kai a lokacin, inda gigabayit 8 yake isar mai rubutu da bincike, mai haɗa bidiyo kuwa sai 16. Na uku ma'adana, inda sabon nau'in da ake kira SSD, wanda ba shi da faifai mai juyawa, ya fi tsohon sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ya lalacewa don an yi karo da rami a hanya.

Cinikin kansa yana da ladubbansa, kuma mai hankali ba ya zuwa shi kaɗai, yakan tafi da wanda ya san kan abin, ko da zai ba shi na goro. Ana zare caja a bar na'urar tana aiki ana kallon yadda batir yake sauka yayin da ake taya ana albarka, a buɗe farin shafi a nemi tabo ko layi a fuska, a danna kowane madanni, a buɗe marfi a rufe a ji ko maƙallin ya saki, a sa kunne a ji kukan fanka, a kuma tabbatar kamfanin da ya yi amfani da ita bai bar mata kalmar sirri a can ciki ba, domin irin wannan kulle yakan mayar da na'ura lafiyayya kayan gyara. Allon madannai ma yana tona asalin kaya: wadda ta fito Jamus an musanya mata Y da Z, ta Faransa kuma da A take fara layin sama, kuma ana rage musu kuɗi saboda haka. Babu ɗaya a cikinsu da take zuwa da ƙ ko ɗ a rubuce a kan madanni, ko da yake Windows tana da tsarin madannai na Hausa da ake kunnawa daga ciki, abin da masu buga rubutu da yawa ba su damu da nema ba, shi ya sa katin biki da allon shago suke fitowa da naƙasar da suka gada daga tafireta. Garantin da mai shago yake bayarwa na kwanaki ne, saboda haka sanayya ta fi rasit amfani.

Masu aikin ƙirƙira su ne suka fi matsa wa waɗannan na'urori. Fastar 'yan siyasa da katin ɗaurin aure da kalandar ƙungiya da manyan tallunan da ake ratayawa, yawancinsu da CorelDraw ake tsara su, manhajar da ta kafu a shagunan buga takardu na Nijeriya tun zamanin kwamfutar tebur, kuma matsakaiciyar na'ura tana ɗaukarta ba wahala. Mai zane dai yana da damuwar da marubuci ba shi da ita, wato gaskiyar launi, domin fuska mai arha takan sauya kala idan aka karkata kai, koren da ya gani a shago ya fito wani iri a wurin bugawa, shi ya sa yake neman fuskar da ake kira IPS mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye. Masu ɗaukar bidiyon biki da masu haɗa kiɗa da FL Studio su ne suke kai na'urar iyakarta, musamman a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ƙurar da hunturu ya tara a fanka take hana iska fita, masarrafa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Buɗe na'ura a busa ƙura a sauya man sanyaya masarrafa ya zama aikin shekara-shekara ga masu gyara. Ƙananan ayyuka kuwa waya ta riga ta ƙwace su, domin gajeren bidiyo da sanarwar walima yanzu a waya ake haɗa su, marubuta littattafan Hausa na intanet da yawa ma da babban yatsa suke rubuta labari guda.

Wuta ce dai take yanke hukunci na ƙarshe. Hukumar NEPA ta zama PHCN a 2005, rarraba wuta ya koma hannun 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, amma mutane ba su daina cewa NEPA ta ɗauke ba, kuma cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wanda ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ya mayar da tayar da janareta don cajin kwamfuta ɗaya almubazzaranci. Wannan ya ɗaga darajar na'urar da ake cajawa ta ƙaramar kafar USB-C, saboda ana iya ciyar da ita daga babban fawabanki ko ƙaramin sola. A shekarar ce kuma aka saki naira, dala ta tashi daga kimanin 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma da yake da dala ake saro kayan, farashinsu ya bi ta, ɗalibai da yawa suka koma ga tsofaffin zubi ko suka ci gaba da dogara ga bizines santa, wadda dama ba ta mutu ba, tunda furojet sai an buga shi a takarda an ɗinke kafin a karɓa.

Komawa ga tsofaffin zubin tana da haɗarin da ba ta da shi a da. Kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, kuma Windows 11 a ƙa'idarta ba ta karɓar yawancin masarrafan Intel da suka gabaci zubi na 8, wanda hakan yake sa ofisoshin Turai da Amurka su zubar da irin waɗannan na'urori da yawa, su kuma ƙaraso kasuwannin Nijeriya da farashi mai jan hankali. Masu gyara sun iya dabarar ɗora sabuwar manhajar a kan tsohuwar na'ura, amma dabara ce da kamfanin bai lamunta ba. Na'urar da ba ta kai zubi na 8 ba, komai kyan jikinta da sauƙin kuɗinta, ta fita daga sahun matsakaita a kasuwar Keffi.